Masu fitowa a uba, boka da maigadi su ke riƙe da fim, amma kuɗin sin kawai ake ba su

A Kaduna in ka ce wa mutum Usman Baba Pategi zai iya tsayawa yana tunanin wane ne, amma ka ce masa Samanja Mazan Fama nan take za ka ga ya fara murmushi, wani ma har ya kwaikwayo maka Hausar barikin nan tasa. Banufe ne daga Pategi ta jihar Kwara, an haife shi a 1942, ya yi aikin soja na gaske, kuma shekara da shekaru yana fitowa a mutum ɗaya tilo a rediyo da talabijin har sunan wasan ya cinye na yanka. Ya rasu a nan Kaduna a watan Nuwamban 2023. Kafin shi Kasimu Yero ya riga mu gidan gaskiya a Satumban 2017, mutumin Zariya da 'yan Arewa suka sani da Karambana, 'yan kudu kuma suka san shi da Uncle Gaga a wasan Cock Crow at Dawn na NTA. Allah ya jiƙansu.

Irin waɗannan 'yan wasa ba su ne ake sa wa kaftani mai sheƙi a ce su yi rawa da yarinya a lambu ba. Su ne uba mai taurin kai, boka, maigadi, kishiya, gwaggo mai haɗa gurmi, ɗan sandan da zai zo a sin ɗin ƙarshe, wato fitowar ƙarshe a fim. Kuma wallahi duk mai kallon fim da idon basira ya san su ke sa labari ya zauna, don soyayyar jarumi da jaruma ba ta da wani armashi in babu tsohon da zai buga sanda a ƙasa ya ce auren nan ba da yawunsa ba, kai kuma da ke kallo a waya cikin Keke Napep ka ji ranka ya ɓaci da gaske kamar 'yarka ce. Ku tuna marigayiya Saratu Gidado, Daso, da ta rasu a Afrilun 2024, harararta kaɗai ta isa ta riƙe sin.

To me ake biyansu?

A 2022 tsohuwar 'yar wasan fim ɗin Hausa Ladin Cima ta faɗa wa BBC Hausa cewa abin da take samu a fim bai wuce 'yan dubbai ba, dubu biyu, uku, biyar, kuma ga ta tsohuwa ba ta da muhalli nata. Ƙasa ta ɗau zafi, wasu manyan furodusoshi suka fito suka ce su kam sun biya ta fiye da haka, wasu kuma suka ce ai sin ɗaya ko biyu take yi, cikin awa ɗaya ta gama ta wuce wani lokeshan ɗin. Ni ban ce ƙarya suke ba. Kasuwar fim ta sha wuya, masu satar fasaha sun kashe kaset da faifan CD, gidajen sinima ba su da yawa, furodusa da yawa bashi yake ci ya yi aiki. Duk na yarda.

Inda ban yarda ba shi ne lissafin da ake yi da awa. Dattijuwar da ta shigo ta yi sin ɗinta a ɗauka ɗaya ba tare da darakta ya ce a sake ba, ba awa ɗaya ta sayar maka ba, gogewar shekara talatin ko arba'in ta sayar maka, ta kuma rage maka kuɗin man janareta da hayar kyamara da sabon yaro zai cinye yana ta mantuwa. Sannan fim ɗin ba ya mutuwa ranar da aka biya ta. A haska shi a tasha, a maimaita, a ɗora a YouTube, a yayyanka sin ɗinta a watsa a TikTok da Facebook mutane na ta dariya talla na shigowa, ita kuwa kuɗinta tun ranar ya ƙare a cefane da kuɗin mota.

Abin da su Samanja suka samu wanda na bayansu ba su samu ba shi ne gida tsayayye. Tun da gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyo da talabijin na Arewa a Kaduna a 1962, ɗan wasa kan samu shiri na mako mako ya zauna a cikinsa, ya san gobe akwai aiki, ya gina mutumin da yake kwaikwayo a hankali. Ba wai sun yi kuɗi ba ne, a'a, amma akwai tsari. Da fim ɗin bidiyo ya kunno kai a Kano wajen 1990 sai kasuwa ta koma hannun 'yan kasuwa, su kuma fuskar da ke kan fosta suke saye, wanda ba ya kan fosta sai ya zama ɗan a kira shi da safe a sallame shi da la'asar.

Yanzu fa abin ya juyo. Fim mai dogon zango ne ke tashe, a Arewa24 da YouTube, kashi bayan kashi, zango bayan zango, wato dai mun dawo tsarin mako mako ɗin nan na da. Kuma a irin wannan shiri mai fitowa a uba ko maigadi yakan daɗe fiye da jarumin ma, in ya ɓace kashi biyu za ka ga masu kallo na tambaya ina wane. To in haka ne babu hujjar a ci gaba da biyansa kamar ɗan ga-ruwa.

Shi ya sa nake ganin ƙungiyoyi irin su MOPPAN, ƙungiyar masu sana'ar fim, har da reshensu na nan Kaduna, su rage taron karrama juna su zauna kan takarda. A yanke mafi ƙarancin kuɗin sin, a riƙa rattaba hannu kan kwantiragi na zango guda ba na yini ba, a rubuta ɗan kason da ɗan wasa zai samu in shirin ya kawo kuɗi a intanet ko an sayar wa wata tasha, ko kashi ɗaya cikin ɗari ne. A kuma cire wani abu daga kowane aiki a zuba a asusun lafiya, don mun gaji da ganin bidiyon tsofaffin 'yan wasa a kan gadon asibiti ana karanto lambar akawun. Furodusan da ya ce ba zai iya ba sai ya buɗe shafinsa na YouTube ya nuna wa ƙungiya abin da ya shigo a zangon da ya wuce, a yi lissafin a gaban kowa.