Kuma Ni Ake Kira Dolo

Da daddare Malam ya kafa na'urar hangen taurari, ya ce Dolo ya leƙa.

Dolo: Allah gafarta Malam, madubin nan ya yi hazo. Bari in goge da bakin riga.

Malam: Kul! Ba datti ba ne, gajimaren samaniya ne da ke cikin rukunin taurarin da ake kira Oriyon. Yawancinsa iskar gas ce, haidurojin.

Dolo: Gas? Malam, kashe fitilar nan kafin mu tashi!

Malam: Zauna. Hasken da kake gani ya yi tafiyar shekara sama da 1,300 kafin ya iso idonka.

Dolo: To wane mai tsautsayin ne ya ƙyasta ashana a can?

Malam: Ba wuta yake ci ba. Ka ga taurari huɗun nan na tsakiya? Babbansu ya ninka rana nauyi fiye da sau 30. Zafin fuskarsa ya kusa digiri 40,000, na ranarmu kuwa 5,500 ne. Yana feso wani haske da ido ba ya gani, ya fizge ilektiron, wato ɗan ƙaramin ɓangare mai cajin lantarki, daga ƙwayar haidurojin. In ilektiron ɗin ya samu wata ƙwayar ya maƙale, sai jan haske ya fito.

Dolo: Ashe da kayan aro yake ado.

Malam: Yau ka yi magana. Kuma ba zai rufe masa katara ba, don taurarin nan daga cikinsa aka haife su, ga shi su ne ke tarwatsa shi.

Dolo: Ɗan kuka mai ja wa uwarsa jifa! To koren da nake gani fa?

Malam: Wannan ya wahalar da masana. A 1864 William Huggins na Ingila ya ga irin koren nan a wani gajimaren samaniya. Aka duba duk sinadaran duniya, ba wanda ya dace. Sai aka ce sabon sinadari ne, har aka raɗa masa suna nebuliyam.

Dolo: An samo shi?

Malam: Sai 1927 Ira Bowen na Amurka ya gano oksijin ne da aka fizge wa ilektiron biyu.

Dolo: Wanda muke shaƙa?

Malam: Shi. A nan ƙwayoyin iska a cunkushe suke, suna ta bangazar juna, koren ba ya samun fitowa. Can kuwa wurin da bai fi kan yatsa ba, 'yan dubbai ne a ciki. Nan sun haura biliyan sau biliyan.

Dolo: Tsaya in ƙirga, Malam. 1864 zuwa 1927... shekara 63 ke nan?

Malam: Haka ne.

Dolo: Abu yana shiga hancinsu yana fita, su kuma sun ɗaga kai suna nemansa a sama?

Malam: To, ai bincike...

Dolo: Kuma ni ake kira Dolo.