A tona kafin a baje: abin da aka gano a filin ƙwallon Carnoustie

A shekarar 2016 hukumar yankin Angus da ke gabashin Scotland ta shirya yin filayen ƙwallon ƙafa guda biyu a garin Carnoustie, amma kafin katafila ta shiga, sai da aka bai wa masu binciken kayan tarihi na kamfanin GUARD Archaeology dama suka tona wurin. Abin da jaridu suka fi yayatawa shi ne takobin tagulla da guntayen kubensa na itace, da kan mashi mai adon zinariya, waɗanda suka yi kusan shekara 3,000 a binne. A ganina ba su ne suka fi daraja ba.

Abin da ya fi su shi ne gurbin wani katafaren zauren katako mai tsawon mita 35 da faɗin mita 9, wanda manoman farko na ƙasar suka gina wajen shekara 4,000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Katakon ya daɗe da ruɓewa, ba abin da ya rage sai ramukan ginshiƙai, waɗanda ba a gane su sai ta sauyin launin ƙasa. Ko direban katafila yana iya lura da takobi ya tsaya, amma irin wannan alama sai idon da aka horar, kuma yini ɗaya na baje ƙasa ya isa ya shafe ta har abada, ba tare da kowa ya san an yi asara ba.

Akwai masu cewa yaran da ke jiran filin wasa sun fi mutanen da suka shuɗe haƙƙi, kuma tono yana cin kuɗi da lokaci. Ban raina wannan hujja ba, sai dai binciken bai zo don hana aikin ba, sharaɗi ne kawai na fara shi, kuma filin ƙwallo yana iya jiran 'yan watanni.

Mu ma mun san illar gano tarihi bisa tsautsayi. Mahaƙa kuza ne suka fara tono mutum-mutumin yumɓu na Nok a 1928, daga ƙasar da ruwa ya riga ya yamutsa, shi ya sa aka daɗe ana kallon fuskokin ba a san yadda masu yin su suka rayu ba, har sai da aka yi tono na ƙa'ida a Taruga, wani wuri da ke kusa da Abuja, a shekarun 1960 aka ga murhunan narkar da ƙarfensu.