Wai "rubutu ne kawai"

Furodusan nan da ya fito yana cika baki cewa kuɗin katin da ya ba yaron da ya haɗa masa sunayen farkon fim ma ya yi yawa, wai ai rubutu ne kawai, wallahi abin ya tsaya min a rai. Rubutu ne kawai? To Alhaji ga waya a hannunka, bismillah, rubuta mu gani.

Ku nemi tarihin Saul Bass, mai dizain ɗin sunayen farkon fim, haifaffen New York a 1920. Kafin shi galibin sunayen farkon fim jeri ne kurum, a sinimomi da yawa ko labule ba a janyewa sai sun wuce. A 1955 darakta Otto Preminger ya ba shi aikin The Man with the Golden Arm, fim a kan mutumin da ƙwaya ta cinye. Me ya yi? Baƙin allo, fararen sanduna suna faɗowa tare da kiɗa ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe su rikiɗe su zama murɗaɗɗen hannu, ba a nuna allura ba, ba a yi magana ba, amma jikinka ya riga ya ba ka cewa mai hannun nan yana cikin bala'i. Rubutu ne kawai ko?

A aikin da Bass ya yi wa fim ɗin Psycho na darakta Hitchcock, 1960, layuka ne ke tsarga sunayen suna raba su, tun kafin ka san kan mutumin ciki a rabe yake. Bass ɗin ne kuma ya zana tsohon tambarin kamfanin sadarwa na AT&T da na kamfanin jiragen sama United Airlines. Yana da wajen shekara 70 darakta Martin Scorsese ya nemo shi, shi da matarsa Elaine suka haɗa sunayen farkon Goodfellas, suka yi na Casino a 1995, Bass ya rasu a 1996.

Masu cewa ai can Amurka ne akwai kuɗi, don Allah ku huta. Sanduna ne fa da hannu ɗaya! Tunanin ake biya, kuma yaranmu suna da shi, sai dai wanda ka sallama da kuɗin kati ba zai kwana yana maka tunani ba, templet, wato dizain ɗin da wani ya riga ya haɗa, zai sauke ya canza suna, wuta na tashi a bayan haruffa a fim ɗin soyayya.

Af, ku kuma masu dizain, ku riƙa duba font, wato salon haruffa, kafin ku tura aiki. Sunan fim na Hausa, babu ƙ babu ɗ, wani lokacin ma ɗan akwati ne ke fitowa a gurbin harafin, kuma a haka ake ɗora shi a YouTube.