Tayil a Bangon Zaure

Tayil ɗin da na sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa ba irin ƙananan nan na banɗaki ba ne. Manya ne, 60 da 60, huɗu a kwali, kwalin kuma sai ka yi bisimilla ka gyara tsayuwa kafin ka ɗaga shi. Ragowar aikin wani gida ne a birni, aka karya min kuɗi. Tun daga Kano har ƙauyenmu da ke bayan Gezawa, ni dai ina ta hango zaurena yana sheƙi, masu zuwa gaisuwa suna shafa bango suna tambaya.

Mai tayil ɗin da aka turo min yaro ne, ko gemu bai tara ba. Ya shigo, ko kwalayen bai kalla ba, ya juya cokalin gini ya hau ƙwanƙwasa bango da ƙotar. Nan ƙam, can ƙam, da ya zo tsakiya sai muka ji kwam-kwam.

"Baba, filastan nan ya saki."

Na ce, "Ya saki wa? A gabana aka yi shi. Ni na sayo simintin."

Ya sa farce ya kankari fentin, ya ce fentin mai ne, kwaɓi ba ya kama shi, zamewa zai yi. Ginin kuma na tubalin ƙasa ne aka shafe da siminti, ƙasa da siminti kuwa zaman haƙuri suke yi. Wai tayil ba bango yake riƙewa ba, filasta yake riƙewa, filasta kuma sai abin da ke bayansa ya yarda. Sannan irin wannan babban ba ya shan ruwa kamar ƙananan da ake jiƙawa a baho, sai an sayo gam na musamman. Kafin nan a kankare fenti, a sassare filastan ya yi kaushi, inda ya saki a ɓamɓare, a kafa ƙusoshi a ɗaura waya, a sake shafe, a yi ta ba shi ruwa safe da yamma har ya yi ƙwari, tunda iskar hunturu busar da shi take yi kafin ya kama. Da ya faɗi kuɗin sassarar kaɗai, na ce ya tafi ya dawo jibi. Sara dai ai ba a birni aka fara ta ba. Mu da muka tashi da gatari a kafaɗa?

Washegari na aro guduma da cizal. Yaron ya ce a riƙa ɗan tsattsaga shi, tazarar yatsa biyu. Na yi haka na ɗan lokaci, hannu ya fara zafi, ban rufe ko faɗin tabarmar sallah ba. Sai na ajiye cizal na aika a ɗauko min gatari.

Aiki ya yi sauri, gaskiya. Yara suka cika ƙofar zaure. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, a dai yi a hankali," na ce ta koma wajen tukunyarta. Da na iso wurin nan mai kwam-kwam, sara ɗaya na yi. Filastan ya yi wata ƙara, ya ɗan tsaya kamar yana shawara, sannan ya taho gaba ɗaya, falle guda, ya zube a kan kwalayen da na jingina a ƙasansa. Abin da ya bayyana a baya kuwa hanyoyin gara ne, sun yi gari guda har da unguwanni. Gatarin ma bai dawo ba, ya shige ta can.

Ta can ɗin ɗakin Inna ne.

Ƙura na lafawa sai ga idonta a ramin, da carbi a hannu. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, ɗan fari ne ni, ranar ma ba ta faɗa ba.

"Kai ɗan nan, ƙofar ɗakin ce ba ka gani ba?"

Da mai tayil ya dawo, ya daɗe tsaye bai yi magana ba. Ya buɗe kwalaye ya ware fasassu gefe guda, ya juya wani mai lafiya yana dubawa, ya ce, "Baba, wannan fa dama na ƙasa ne." Na ce na sani, gwada shi nake yi. Kuɗin gam ya tafi wajen maganin gara da waya da buhun siminti. Tayil ɗin da suka tsira aka shimfiɗa su a ƙasan zaure, suka ƙare daidai rabi, sauran rabin tabarma ta rufa asiri.

Ramin kuma Inna ta hana a toshe. Ta ce iska na shigo mata. Tun daga lokacin ba a ƙulla wani ciniki a zaurena ba tare da ita ba. Shekaranjiya mai sayen gyaɗa ya yi tayi, ina shirin cewa na sallama, sai muka ji murya daga cikin bango ta ce, "Albarka."