Bindiga mai sakata a Ingila, bindigar toka a gida

Ranar da na gaya wa Hajiya ta waya cewa na sayi bindiga, shiru ta yi har na ɗauka layin ya yanke. Can sai ta ce, "Innalillahi. Kai da ka tafi neman halaliyarka, me ya haɗa ka da bindiga?" Ban ga laifinta ba. Mutanen kudancin Katsina ne mu, kuma duk wanda ya kwana a yankinmu cikin shekarun nan ya san abin da kalmar "ɗan bindiga" ta koma nufi. Da muna yara, 'yan bindiga su ne mutanen sarki masu jan kaya da ke sakin albarushi a hawan Sallah, mu bi su muna toshe kunne muna dariya. Yau in aka ce sun shigo gari, uwa goya ɗanta take ta nufi daji.

Tawa irin da Turawa ke harbin allo da ita ce. Ni mai sakata nake ce mata, domin ƙarfen da ke rufe bayanta tamkar sakatar ƙofa yake: ka ɗaga, ka ja baya, kwanson ya faɗo, ka sa harsashi ɗaya da hannunka, ka tura ka rufe. Ba ta da gidan harsasai. Harbi ɗaya, sai ka sake ɗurawa. Na saye ta hannu na biyu wurin wani dattijo a kulob ɗinmu da idonsa ya fara rauni, tana cin irin harsashin da ake kira .308 Winchester, bututunta inci 30.

Filin da muke zuwa sunansa Bisley, a gundumar Surrey, kudu maso yammacin Landan. Ƙungiyar maharba ta ƙasar ta fara gasarta ne a Wimbledon a 1860, Sarauniya Victoria ce ta saki harbin farko, aka dawo Bisley a 1890. Kowane watan Yuli ana babbar gasa, kuma zagayen ƙarshe na kyautar Sarki daga yadi 900 da yadi 1000 ake harba shi. Wanda ya ci, a kujera abokan karawarsa ke ɗaukarsa su zaga da shi. A 1930 mace ce ta hau kujerar, Marjorie Foster.

Sai ka kwanta rub da ciki a yadi 1000 za ka san nisan. Tsakiyar allon faɗinta inci 24, kusan murfin duro, amma daga inda kake kamar ɗigon tawada take. Harsashi na yin kusan daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya isa, ya sauko kusan mita takwas a hanya, iska matsakaiciya daga gefe kuma ta ture shi wajen mita biyu. Saboda haka rabin aikin kallon tutoci ne. An jera su tun daga inda kake har allon, ta kusa tana kaɗawa hagu, ta tsakiya ta kwanta, ta nesa tana shawara. Ka duba, ka murɗa saiti, ka saki rabin numfashi, ka matsa kunama a hankali har harbin ya fita ba tare da ka fizge ta ba. Mutum biyu ko uku ke kwanciya a allo ɗaya, kowa na rubuta makin ɗan'uwansa. Na taɓa yin awa guda kusa da wata tsohuwa mai furfura, ban ji ta ce komai ba sai lambobi, ta kuma fi ni da maki shida.

Gyaran bindigar shi ne inda mutum ke zuba kuɗi da zuciya. Na sa maƙeri ya zaunar da ƙarfen cikin ƙotarta daram, ya bar bututun a sake ba ya taɓa katako ko kaɗan, har takardar fam biyar na iya wucewa ta ƙarƙashinsa. Na canza inda kunci ke kwanciya, domin wuyana ya fi na mai ita na farko tsawo. Bututu kuwa cinyewa yake, bayan harbi wajen 5,000 sai ka ga harsasai sun fara warwatsuwa, dole a sa sabo. Kuma sabon ba ya dawowa hannunka sai ya bi ta gidan gwajin bindigogi, ko na Landan ko na Birmingham wanda aka kafa tun 1813, an harba shi da lodin da ya fi ƙima, an buga masa hatimi.

Duk wannan ba shi ya fi tsaya mini a rai ba. Hanyar da na bi kafin a ba ni ita ce. Na yi watanni ina ɗan gwaji a kulob, da bindigar kulob, wani na tsaye a kaina. Sannan na nemi lasisi ƙarƙashin dokar bindiga ta 1968. Mutum biyu da suka san ni suka tsaya mini, likitana ya rubuta rahoto, ɗan sanda ya zo har gida ya girgiza akwatin ƙarfen da na ɗaure a bango, ya zauna ya tambaye ni zaman gidana da abin da nake so da bindiga. Lambar bindigar tana kan takardata, da adadin harsashin da aka yarda in ajiye. Bayan shekara biyar a sake duba ni. Kuma a nan cewa "don in kare kaina" ba hujja ba ce, ba a ba da lasisi a kanta.

Masu cewa Turawa haka Allah ya yi su da sanyin hali ba su karanta tarihinsu ba. A 1987 wani ya kashe mutum 16 a Hungerford, aka hana manyan bindigogi masu ɗura kansu a 1988. A 1996 wani ya shiga makarantar firamare a Dunblane ya kashe yara 16 da malamarsu, aka hana kusan duk ƙananan bindigogin hannu a 1997. Jini ne ya rubuta waɗannan dokoki. Mai sakata ta tsira ne don a hankali take harbi, kuma an san hannun da take ciki.

Abin da ke ci mini rai shi ne mu ma muna da irin wannan sanin, muka bari ya lalace. Baffana maharbi ne. Bindigar tokarsa maƙerin garinmu ya ƙera, kuma yadda yake auna albarushi a tafin hannu, ya danna tsumma da sandar ɗuri, ya bi iska kafin ya tunkari gada, natsuwar nan ce dai nake gani a Bisley. Harbi ɗaya gare shi shi ma, in ya kuskure sai gobe. Bai taɓa rataya ta ya shiga kasuwa ba. Sarkin Baka ya san shi, ya san wanda ya koya masa, ya san yaran da ke bin sa daji, kuma in yaro ya nuna wa mutum bakin bindiga ko da wasa, ranar ya gama farauta. Mai unguwa ya sani, dagaci ya sani. Mutum biyun da suka tsaya mini a nan, aikin da Sarkin Baka ke yi ne aka mayar a takarda.

A rubuce Najeriya ma tana da doka tun 1959: bindigar toka kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininta, ta farauta irin ta zamani Sufeto Janar, manyan makamai kuwa sai shugaban ƙasa. Amma dokar tana birni, sanin mutane yana ƙauye, ba a ɗaura musu aure ba. Sakamakon ya bayyana a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka tare mafarauta da ke hanyar komawa Kano yin Sallah, aka ga bindigogin farauta a motarsu, aka kashe 16 daga cikinsu. Allah ya jiƙansu. Kisan gilla ne, babu uzurin da zai wanke shi. Amma na kwana ina tunanin cewa babu wata lambar waya da wani mai hankali a wurin zai kira cikin minti biyu a ce masa, eh, mun san su, ga sunan Sarkin Bakansu.

Shi ya sa ban goyi bayan kiran da aka yi ta yi na kowa ya nemi bindiga ba, irin wanda gwamnan Katsina na lokacin Aminu Masari ya yi a 2021, gwamnatin Zamfara ta maimaita a 2022. Ba zan zauna a Ingila in zagi manomin da aka sace wa mata don ya nemi abin kare gidansa ba, wanda ke cikin rana shi ya san zafinta. Amma na san shekarun da na yi kafin hannuna ya daina rawa a gaban allon da ba ya ramawa. Bindiga a hannun wanda ba a horar ba, ba a rubuta ba, babu mai tsawata masa, yau tana gadin gari, gobe tana raba rigimar gona.

Abin da nake so a yi ba ya bukatar kuɗin jirgin yaƙi. A rubuta mafarautan kowace gunduma ta hannun Sarkin Baka da hakimi da 'yan sanda tare, a buga wa kowace bindiga lamba, har maƙerin da ya ƙera ta a san shi, a ba maharbi kati mai hoto da za a iya tantancewa ta waya daga ko'ina a ƙasar. A ware fili a bayan gari, a kafa allo, a riƙa gasa bayan girbi, matasa su koyi cewa gwaninta tana wurin wanda ya saka harbi ɗaya inda ya ce zai saka. Baffa ya tsufa yanzu, bindigarsa tana rataye a bayan ƙofa an naɗe ta da buhu. Da na tura masa hoton allona na yadi 1000, tambaya ɗaya ya aiko a yi mini: ta wane gefe iskar take busowa ranar?