Tambarin muhalli a jikin kaya: wanne ne mai saye yake dubawa?

A watan Janairun 2007 ne Terry Leahy, wanda yake shugabantar Tesco a wancan lokaci, wato kamfanin da ya fi kowane girma a harkar kantunan kayan masarufi a Birtaniya, ya yi alkawarin cewa duk kayan da ake sayarwa a shagunansu za su ɗauki tambarin da ke nuna yawan iskar kabon mai ɗumama yanayi da aka fitar wajen samar da su, tun daga gona ko masana'anta har zuwa hannun mai saye. Kayan da ake magana a kansu sun kai nau'i dubu 70. Bayan shekara biyar, a farkon 2012, kamfanin ya janye daga shirin, alhali 'yan ɗaruruwan kaya ne kawai suka samu tambarin. Dalilin da ya bayar shi ne lissafin kaya guda yakan ci watanni ana yin sa, kuma sauran manyan kantuna ba su bi sahu ba.

Ina cikin masu ganin cewa duk wanda ya zaro kuɗinsa ya sayi kaya yana da haƙƙin sanin irin ɓarnar da kayan suka yi wa ƙasa da ruwa da iska kafin su iso gare shi, da kuma wadda za su yi bayan ya kai su gida. Sai dai abin da ya faru da Tesco ya nuna cewa faɗin gaskiya a jikin leda bai isa ya sauya abin da mutane suke saye ba, kuma ya kamata a tsaya a fahimci dalili maimakon a yi saurin ɗora wa mai saye laifin rashin kula.

A shekarar da aka yi wancan alkawari, kamfanin Walkers ya fara buga adadin kabon a jikin ƙaramar ledar soyayyen dankalinsa, inda aka rubuta giram 75, wanda ya ninka nauyin dankalin da ke cikin ledar fiye da sau biyu. To, mutumin da yake tsaye a shago da wannan leda a hannunsa, me zai yi da giram 75? Bai san ko adadin yana da yawa ko kaɗan ba ne, domin babu wani ma'auni a kansa da zai gwada shi da shi, kuma ledar wani kamfanin da ke ajiye kusa da ita ba ta ɗauke da komai. Wannan ita ce babbar illar tambarin da aka bar wa kamfani zaɓin sa shi ko ƙin sa shi, domin wanda ya san sakamakonsa mai kyau ne zai buga, wanda ya san nasa ya yi muni kuma zai yi shiru, sai mai saye ya rasa abin da zai kwatanta. Masu binciken halayyar masu saye sun daɗe da lura cewa idan aka tambayi mutane, da yawansu sukan ce sun fi son kayan da ba sa cutar da muhalli, amma idan aka zo wurin biya sai farashi da ɗanɗano da sabo su yi rinjaye. Ban ɗauki wannan a matsayin munafunci ba. Magidancin da ke lissafin abin da ya rage masa kafin ƙarshen wata yana yanke hukunci ne cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma abin da bai fahimta ba a kallo ɗaya ba zai shiga lissafinsa ba.

A nahiyar guda kuma akwai wani tambarin da ya yi nasarar da babu mai musun ta, wato tambarin shan wutar lantarki na Tarayyar Turai, wanda aka fara liƙa wa firji a tsakiyar shekarun 1990, daga baya ya bazu zuwa injin wanki da talabijin da ƙwan lantarki. Tsarinsa mai sauƙi ne: haruffa daga A zuwa G, da launuka daga kore zuwa ja. Wani binciken jin ra'ayi da Tarayyar ta gudanar a 2019 ya nuna cewa kashi 93 cikin ɗari na mutanen da aka tambaya sun san tambarin, kashi 79 kuma sun ce ya yi tasiri a kan abin da suka saya. Abin da ya bambanta shi da na Tesco a bayyane yake. Doka ce ta wajabta shi a kan kowane kamfani, don haka duk firjin da ke shago yana ɗauke da shi, kuma ana iya jera su a gwada. Sannan abin da yake faɗa ya taɓa aljihun mai saye kai tsaye, domin firjin da ke shan wuta kaɗan yana rage kuɗin wuta kowane wata har tsawon shekara goma ko fiye, ko mai shi ya damu da ɗumamar yanayi ko bai taɓa jin labarinta ba.

Amma abin da ya fi jan hankalina a tarihin wannan tambari shi ne yadda ya fi yin aiki a kan masu ƙera kaya fiye da masu saye. Babu kamfanin da yake son a ga kayansa da jan layi a tsakiyar shago kusa da na abokin gasarsa mai kore, saboda haka injiniyoyi suka duƙufa wajen rage shan wuta, har ta kai ga harafin A ya cika ya batse, aka ƙaro A+ da A++ da A+++. Daga ƙarshe kusan duk firjin da ke kasuwa ya koma cikin waɗannan azuzuwa na sama, tambarin ya daina bambance komai, dole aka sake tsara shi a ranar 1 ga Maris 2021, aka koma A zuwa G zalla tare da tsaurara sharuɗɗa, har aka bar ajin A kusan babu kowa a cikinsa domin a bar wa kamfanoni abin da za su yi ƙoƙarin kaiwa. Ko mai sayen da bai taɓa ɗaga ido ya kalli tambarin ba ya amfana, domin firjin da ke zuƙar wuta ya riga ya ɓace daga shago kafin ya shigo.

Ba sai an je Turai ba ne za a ga haka. Ghana ta bi wannan hanya, inda Hukumar Makamashi ta ƙasar ta wajabta tambarin taurari a jikin na'urar sanyaya ɗaki da firji, wanda ya fi yawan taurari shi ne ya fi ƙarancin shan wuta. Binciken da aka yi kafin fara shirin ya gano cewa firji a gidajen ƙasar yakan sha kimanin yunit 1,200 na wuta a shekara, wato ninkin baninkin abin da sabon firji mai inganci yake sha, saboda mafi yawansu tsofaffi ne da aka yi amfani da su a Turai aka jibgo su Afirka. Gwamnati ba ta tsaya ga tambari ba, ta haramta shigo da tsofaffin firji, haramcin da ya fara aiki sosai a 2013, ta kuma buɗe shirin da mutum zai kai tsohon firjinsa a rage masa kuɗin sabo mai taurari. Wannan rangwame yana da muhimmanci ƙwarai, domin talaka bai sayi firjin gwanjo don jahilci ba, ya san araha ba ta ado, amma kuɗin da ke hannunsa a ranar ne ya yanke masa hukunci.

Wata matsalar kuma ita ce ta amana. Da kamfanoni suka fahimci cewa koren launi da hoton ganye suna sayar da kaya, sai kowa ya ƙirƙiro tambarinsa. Hukumar Tarayyar Turai ta ƙidaya tambura kimanin 230 masu iƙirarin kare muhalli a kasuwanninta, kuma wani nazari da ta yi a 2020 ya gano cewa fiye da rabin irin waɗannan iƙirari ko dai ba su da takamaiman ma'ana, ko suna ɓatar da mai saye, ko ba su da tushe, kashi 40 cikin ɗari kuma babu wata hujja da aka kafa su a kai. Wannan ne ya sa aka zartar da doka a 2024 da ta hana rubuta kalmomi irin su "mai kare muhalli" ba tare da shaida ba. Mu ma mun san wannan darasi ta wata fuskar. Uwar gida da ke juya kwalbar magani ko gwangwanin madara tana neman lambar NAFDAC da ranar lalacewa tana yin haka ne domin ta san akwai hukuma a bayan lambar, kuma lafiyar 'ya'yanta ce a ciki. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zancen cewa mutanenmu ba sa karanta tambari.

Inda nake da shakku mai ƙarfi shi ne ƙoƙarin da ake yi na tattara duk tasirin abinci a kan muhalli a harafi guda, kamar tsarin Eco-score da ya ɓullo a Faransa a 2021. Shan wutar firji abu ne da ake aunawa a ɗakin gwaji a samu amsa ɗaya, amma tasirin kilo guda na nama ya dogara ne da abin da mai lissafi ya zaɓa ya saka da abin da ya bari. Manoman Turai masu noma ba tare da takin zamani da maganin feshi ba sun yi ƙorafin cewa lissafin da ake yi bisa kilo yana fifita manyan gonakin da ke fitar da amfani mai yawa a ƙaramin fili, ko da kuwa suna kashe ƙwari da ƙasa. Idan aka ɗauko irin wannan ma'auni aka ɗora wa saniyar makiyayi a Sahel, wadda ke kiwo a dajin da ba a iya nomawa, take kuma bar wa manomi taki a gonarsa bayan girbi, sakamakon zai fito da ja, ba tare da an lissafa komai daga cikin wannan amfani ba. Ga shi kuma mafi yawan abincinmu a mudu da kwano ake auna shi, babu ledar da za a buga wa harafi.

Saboda haka, a ganina, inda ya dace Najeriya da Nijar su sa ƙarfinsu shi ne kayan lantarki, inda amfanin muhalli da amfanin aljihu suka haɗu wuri guda. Hukumar SON, mai kula da ingancin kayayyaki a Najeriya, ta riga ta fito da tambarin shan wuta na firji da na'urar sanyaya ɗaki shekarun baya, amma wanda ya zaga shagunan kayan wuta a kasuwar Sabon Gari ta Kano zai ga ciniki ya fi karkata ga sunan kamfani da girma da farashi. A watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wuta a Najeriya ga masu rukunin A, wato waɗanda aka ware domin su fi kowa samun awannin wuta a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit, kuma a kan wannan farashi firjin da ke shan yunit 1,200 zai cinye wa mai shi naira dubu 270 a shekara. Ga mai amfani da sola kuwa, bambancin yana nufin ƙarin faranti da ƙarin batir. Da a ce tambarin yana faɗin wannan adadi da naira, da Hausa da sauran harsunan da ake ciniki da su, da mai shago da kansa zai mayar da shi abin talla. Amma kafin a kai ga shago, sai an tabbatar a tashar jiragen ruwa ta Apapa da kan iyakokin tudu cewa babu firjin da zai shigo ba tare da tambarin ba, kuma hukuma tana ɗaukar samfuri daga kasuwa lokaci zuwa lokaci ta gwada ko taurarin da aka buga a jikinsa sun yi daidai da wutar da yake sha.