Kafin ka sayar da tsohuwar kwamfutarka a Ikeja

Wannan magana ta shafi 'yan'uwanmu na Agege, Idi-Araba da Mile 12 waɗanda ke kai tsofaffin kwamfutoci kasuwar Computer Village da ke Ikeja domin sayarwa ko musanya, su koma gida hankali kwance saboda mai gyara ya ce ya yi musu fomat. Fomat iri biyu ne, kuma wanda ake gamawa cikin minti ɗaya bai goge sirrin kowa ba.

Abin da fomat na gaggawa yake yi shi ne rubuta sabon jadawali, wato teburin da tsarin NTFS ko FAT32 ke dubawa domin sanin inda kowane fayil yake a kan faifan ajiya. Tamkar ɗan kasuwa ne ya yage littafin da ya lissafa kayansa, alhali buhunan suna nan jibge a sito. Windows za ta nuna cewa babu komai, amma hotunan iyali, hoton katin NIN da takardun banki suna kwance har sai an rubuta wani abu a kansu, kuma manhajojin da ake saukewa kyauta, irin su PhotoRec da Recuva, suna iya dawo da da yawa daga cikinsu a hannun duk wanda ya sayi na'urar.

Cikakken fomat kuwa, tun daga Windows Vista wadda ta shiga kasuwa a 2007, yana bin faifan daga farko har ƙarshe yana rubuta sifili a kowane sashe, yana kuma killace sassan da suka lalace. A zamanin Windows XP, wadda ta gabaci Vista, dubawa kawai yake yi, ba ya shafe komai, kuma ina zaton daga nan ne wasu tsofaffin masu gyara suka gaji cewa duk ɗaya ne. A yanzu ba ɗaya ba ne.

Na fahimci uzurin mai gyara. Cikakken fomat na faifai mai juyawa (hard disk) na 1TB yana iya cin awa biyu zuwa uku, ya ma zarce haka nesa ba kusa ba idan ta tsohuwar kafar USB 2.0 aka haɗa shi, ga janareta yana shan fetur, ga masu jira a bakin shago. Sai dai bai kamata mai kaya ya bar wannan aiki a hannun wanda lokacinsa kuɗi ne ba. Ya yi shi a gida da dare, ya cire alamar da Windows ke sanyawa da kanta a gaban Quick Format, wato fomat na gaggawa, sannan ya kai kasuwa da safe. Mai sayen faifan tokunbo, wato na hannu, shi ma haka ya kamata ya yi a ranar da ya saya, domin idan aikin ya maƙale a tsakiya, yana da hujjar mayar da shi kafin kwanakin garanti su ƙare.

Wanda zai ci gaba da amfani da faifansa mai lafiya, na gaggawa ya ishe shi.

SSD kuma, wato ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa, hukuncinta daban ne. Na'urar ce da kanta take zaɓar inda za ta ajiye kowane bayani, saboda haka rubuta sifili ba lallai ya kai ga kowane lungu ba, sai dai ya ƙara mata gajiya. A nan umarnin goge komai da ake kira Secure Erase, ta manhajar kamfanin da ya ƙera ta, shi ne ya dace kafin a sayar.